Ɗorawar Kulu a Gonar Mannir

A Sanyinna ba a yi wa baƙo rakiya zuwa gidan Kulu Mai Kalwa. Lungun kawai ake nuna masa a ce ya shiga, warin daddawa zai kai shi har bakin zaure. Tun tana amarya take wannan sana'a, ga shi yau har jikokinta sun fara aure. Matan garin sukan ce miyar da babu daddawar Kulu a ciki ruwan zafi ce da gishiri. Ita kuwa idan ta ji sai ta taɓe baki ta ce ba hannunta ba ne, itatuwan ne.

Itatuwan kuwa ba a Sanyinna suke ba. Suna can Fakku, ƙasar Kebbe, garin da aka yanke mata cibiya.

A Fakkun da Kulu ta tashi, mutum yakan bar gida ya isa gona rana ba ta taɓa ƙeyarsa ba sai jefi-jefi. Ɗorawa ce ko'ina, ga kaɗanya, ga gawo, ga tsamiya. Ubanta Ɗangiwa bai taɓa shuka itace ko ɗaya ba. Abin da yake yi shi ne, idan yana sassabe ya ga tsiro ya fito da kansa, sai ya kauce masa da gatari ya wuce. Haka kowa yake yi, ba wanda ya ɗauke shi wani aiki. Da bazara, daidai lokacin da hatsi ya yi ƙasa a rumbu, sai ɗorawa ta nuna. Yara su yini a gindinta, baki rawaya, riga rawaya, a dawo gida ba mai neman abincin rana. Akwai shekarar da fari ya ƙone gero tun bai fitar da kai ba. Kulu tana ƙarama, amma har yau tana ganin kakarta Atu zaune bakin murhun da ba wuta, tana dama garin ɗorawa da ruwa tana zuba wa kowa a ludayi. Da shi suka kai ga damina ta gaba.

Bayan girbi kuma Fulani ke saukowa. Shanu su ci kara, su kwanta a inuwa, su bar wa gona taki. Matansu su shigo da nono su fita da daddawa, a yi ta yi wa juna tsiya a tsakar gida, wannan ta ce nononki ruwa ne, waccan ta ce daddawarki ta kori ƙudaje.

Wajen Atu ta koyi aikin. A ɓare ɗorawa a raba gari da ƙwallo, ƙwallon nan shi ne kalwa. A dafa shi ya yini a wuta, a surfe da toka, a wanke har ɓawo ya fita, a sake dafawa, sannan a rufe da ganye a bar shi ya ruɓa. Wannan rufewar ita ce aikin duka. Atu ba ta taɓa gaya mata kwana nawa ba. Takan ja ta zuwa bakin kwando ne ta ce, "Shaƙa. To, wannan bai yi ba. Gobe ki dawo ki shaƙa."

Da Malam Isah maɗinki ya aure ta ya kai ta Sanyinna, ba ta rabu da Fakku ba. Kowace bazara sai ta koma ɗibar ɗorawa. Da farko a kan jaki, daga baya a bayan akori-kura, a ƙarshe a kan kabu-kabu.

Ranar rabon gadon Ɗangiwa, malamin da ke rabo ya auna mata wani zirin gona ta gefen yamma. Kulu ta ce ba ta so. Ta ce a haɗa wa yayanta Na'iya gonar duka, ita a ba ta ɗorawa huɗun da ke ciki. A ƙasar nan ba baƙon abu ba ne ƙasa ta zama ta wani, itacen da ke kanta na wani, amma ba a cika ganin mai zaɓen hakan da kansa ba.

"Ke Kulu," in ji Na'iya yana dariya, "mutane na gadon ƙasa, ke kina gadon inuwa?"

"Yaya, ƙasag ga ba ni iya ɗaukar ta in kai Sanyinna. Kalwa kau tana shiga buhu."

Aka shaida, aka yi fatiha. Kowace ɗorawa tana da suna a bakin Kulu. Akwai Mai Zaƙi, akwai Babba, akwai Marowaciya da ke yin shekara ba ta ba da abin kirki ba, sai Gurguwa wadda ta karkace a can ƙarshen gona, inda ƙasa ke gangarawa. Da su ta riƙe gida bayan rasuwar Malam Isah, da su ta aurar da 'yarta, da su ta yi wa ɗanta Uthman guzuri ranar da ya tafi Legas.

Ba rana ɗaya Fakku ta yi sanƙo ba. Kowace shekara idan Kulu ta zo sai ta ga wani kututture inda ta san itace. Wannan ya sayar wa masu gawayi, wancan ya ce inuwa na cinye masa gero. Ruwan sama ma ya sake hali. Ya makara, idan ya zo ya zo da fushi, ya zubar da na wata guda a yini ɗaya, sannan ya ɗauke ƙafa ana tsakiyar noma. Ɗan ramin da yara ke tsallakewa a gangaren gona ya zama kwari mai haɗiye raƙumi. Fulanin ma suka daina zama, sai dai a hango su suna wucewa. Na'iya ya rasu, gonar ta koma hannun ɗansa Mannir. Itatuwan huɗu suka rage tsaye a fili, ana hango su tun daga hanyar Kebbe.

Bara waccan, da rani, Mannir ya zo Sanyinna. Ya kawo goro da sukari, ya cire takalmi tun daga zaure, ya zauna gefen tabarma. Gaisuwa ta yi tsawo har Kulu ta gane ba gaisuwa ce ta kawo shi ba.

"Gwaggo, magana niz zo da ita, amma tana min nauyi."

"In nauyi gare ta aje ta ƙasa, kar ta karya maka wuya."

"Zancen itatuwan ga na." Ya sunkuyar da kai yana wasa da bakin tabarma. "Geron da ka ƙarƙashinsu tsawo kawai shika yi, ba kai. Mai tarakta ya ce ba shi ƙara shiga gonata, saiwa ta karya mishi garma. Ga iyali sun ƙaru, ga ruwa ba shi kai mu ƙarshe. Masu gawayi sun ce su za su sare, su kwashe, ko reshe ba su bar min."

"Maƙwabcinka da yas sare nashi, ina gonatai?"

"Kwari ya ci rabi."

"Taka fa?"

"Na sani, Gwaggo. Saiwar Gurguwa ta ta riƙe gaɓa, ba ni musu. Amma ɗiyana ba su cin gaɓa."

Kulu ta san ba ƙarya ya yi ba. Ta san yadda gero ke ramewa a inuwar ɗorawa, tun zamanin ubanta haka yake. Sai dai a lokacin gona tana da faɗi, bakuna kuma ba su kai haka ba.

"Ko rediyo kullum faɗi suka yi a bar itace, wai shi ka tare zafi da ambaliya," in ji ta.

"Mai rediyo ba shi da gona ƙarƙashin Marowaciya."

Ta yi dariya ba ta shirya ba. Sannan ta ce masa a'a. Ta faɗa a hankali, ba tare da faɗa ba, amma a'a ce.

Mannir ya gyara hula ya miƙe. "To, Gwaggo, naki na. Wallahi ba ni taɓa su kina raye. Allah shi ƙara miki nisan kwana."

"Amin," in ji Kulu.

Sai da ƙarar mashin ɗinsa ta ɓace sannan maganar ta zauna mata. Kina raye. Yaron bai yi rashin kunya ba, gaskiyarsa ya faɗa: zai jira. Ta dubi gwiwoyinta da suka kumbura kamar tulu. Ta tuna magadanta biyu, 'yar da ke aure a Kontagora tana miya da ɗanɗanon kanti, da Uthman wanda rabonsa da Fakku tun yana makarantar allo. Ranar da ta rufe ido, waya ɗaya Mannir zai buga, su ce masa ya yi yadda ya gani. Ta sa aka kira mata Uthman don ta gwada shi.

"Inna, itace ne fa," ya ce, hayaniyar motoci na cinye rabin muryarsa. "Ki huta mana. Me kike buƙata in aiko?"

Ta ce ba komai, ta sa masa albarka.

Da ɗorawa ta nuna, ta aika a kira Mu'awiya mai kabu-kabu, wanda ya shekara da shekaru yana kai ta. Ya ɗaure buhunanta a baya, ya tallafa mata ta hau.

"Inna Kulu, bana kin ƙara nauyi ko mashin ɗina na yat tsufa?"

"Ku biyun kun tsufa. Ja mu tafi, kuma ka bi ramukan ga da ladabi."

Sun isa Fakku da hantsi, ƙasusuwanta na ciwo. Matar Mannir, Ruwaida, ita ta tarbe ta, ta kawo ruwa da fura, sannan ta ɗauki doguwar gorar nan mai ƙugiya da ake fizgo ɗorawa da ita, ta riƙe hannun tsohuwar suka nufi gona. Ruwaida ba mai yawan magana ba ce. Kulu ta san ta ne kawai a matsayin yarinyar da ke riƙe mata bakin buhu kowace shekara.

Rana ta yi zafi ƙwarai, ƙasa tana ƙuna ta cikin takalmi. Da suka shiga inuwar Marowaciya sai ka ce an yayyafa musu ruwa. Kulu ta zauna a kan saiwa tana haki. Nan idonta ya faɗa kan wasu busassun karare, gajeru, a jere sahu-sahu har bakin inuwa. Ta tsinko ɗaya ta murza ta shaƙa.

"Wa yas shuka tanka nan?" Barkono take nufi.

Ruwaida ta sunkuyar da kai. "Ni ta, Gwaggo. Na ga wurin zaune shike, gero ba shi yi. Sai nis sa tanka da yalo in na kawo abinci."

"Sun yi?"

"Sun yi. Bara da ruwa yaɗ ɗauke, komi ya langaɓe, su ko a jikinsu. Ƙasan nan ba ta bushewa da wuri, ganye ya yi mata yawa. Duba." Ta tona da yatsa, ƙasar ta fito baƙa mai laushi.

"Mijinki ya sani?"

"Shina cin miyar. Bai tambaya ba."

Kulu ta daɗe tana kallonta. Sannan ta ce ta aje gorar, yau ba a ɗiba. Ta ce ta je ta gaya wa Mannir ya kira liman da dattawa biyu, su same ta nan bayan la'asar.

Suka zo. Liman Mutawakkil tsoho ne, tare suka yi wasan ƙasa da Na'iya. Aka shimfiɗa masa buzu a gindin Babba. Mannir ya tsaya gefe, a fuskarsa ana ganin ya zaci gwaggonsa ta sauko. Ruwaida ta durƙusa can baya, ta ja mayafi.

"Malam, ku shaida," in ji Kulu. "Itatuwan ga fuɗu, bayan raina, na Ruwaida na."

Mannir ya ɗago kai da sauri. Liman kuwa ya shafa gemu, bai ɗaga hannu don fatiha ba.

"Kulu, ban da su mi kika da shi?"

"Tukwane. Da akuya biyu."

"To, abin da kinka faɗi wasiyya ta. Wasiyya kau ba ta wuce kashi ɗaya cikin uku, sai in magada sun yarda. Itatuwan ga su na dukiyarki kusan duka. In Uthman da 'yar'uwatai sunka ce a'a, ko wani yal lallashe su, zance ya tashi."

"To in ce kyauta ta."

"Kyauta tana yi. Amma kyauta ba ta tabbata sai an karɓa. Ki cire hannunki yau, ta sa nata. Ita ka ɗiba, ita ka sayarwa, ita ka hanawa. In kinka ci gaba da zuwa da buhunanki har Allah ya yi ikonai, kyauta ta ɓaci, sun koma gado."

"Ko na bana kaɗai?"

"Ko na bana."

Kulu ta ɗaga kai. Rabon da itatuwan su yi 'ya'ya irin na wannan shekara an daɗe. Har Marowaciya ta yi abin arziki, ɗorawa na reto a kowane reshe kamar an rataye jelar shanu. Ta tuna matan Sanyinna da suka riga suka ce a aje musu. Ta tuna tukwanenta, da itacen wutar da ta tara tun sanyi. Ba ta taɓa yin bazara ba ta dafa kalwa ba tun tana budurwa. Ba ta san me mace ke yi da hannunta da safe idan babu surfe ba.

Wata iska ta taso daga wajen kwari, busasshiyar ɗorawa ta yi ta ƙaras-ƙaras a sama.

"Miƙo min gorag ga," ta ce da Mannir.

Ya miƙo. Ta dogara da ita ta tashi, ta taka har inda Ruwaida take, ta ɗora mata a hannu.

"Na ba ki, duniya da lahira. Su da abin da ka kansu."

Ruwaida ta motsa baki.

"Ɗaga murya, ɗiyata," in ji liman. "Shaidun ga kunnensu ya yi nisa."

"Na karɓa."

"To tashi ki ɗiba mu gani."

Ta tashi, ta saƙala ƙugiya a reshen Babba ta fizgo. Ɗorawa ta zubo har kan buzun liman. Aka yi fatiha.

Mannir ya zauna a ƙasa, ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Ya dubi matarsa, ya dubi gwaggonsa.

"Gwaggo, ba ki kyauta min ba. Da, in mun yi gardama da mai itace, gida nika komawa in huta. Yanzu mai itacen na cikin ɗakina."

Dattawan suka yi dariya. Ɗayansu ya ce ya gwada kiran masu gawayi ya ga wa zai ba shi tuwo.

"Ban ce ba ka da gaskiya ba, Mannir," in ji Kulu. "Gero ba shi yi nan. Tambayi matarka abin da ka yi."

Washegari ta koma Sanyinna. Buhunan ma a can ta bar su. A hanya Mu'awiya ya fara zolayarta cewa yau mashin ya ji daɗi, da ya ji ba ta amsa ba sai ya kama bakinsa har suka iso.

Bazarar nan ta yi mata tsawo. Ta kife tukwane a bayan ɗaki. Mata suka yi ta aiko yara da kwano, tana mayar da su. Takan tashi da asuba kamar kullum, ta yi salla, ta share tsakar gidan da ba ya buƙatar shara, sannan ta zauna tana kallon akuyoyi. Wasu suka ce tsufa ya taɓa mata kai, mutum ya ba surukar ɗan'uwa abin da yake ci.

Bayan ruwa ya sauka an yi shuka, wata safiya Mu'awiya ya yi sallama riƙe da ƙulli a leda.

"Saƙo daga Fakku, wajen Ruwaida. Ta ce dafuwarta ta farko ta, ki duba."

Kulu ta kwance. Daddawa ce, an mulmula ta da kyau, an shanya ta bushe. Ta ɓalli ɗaya ta kai hanci, ta lumshe ido. Ta ɗan gutsura ta tauna.

"Ta buɗe da wuri," ta ce. "Ba ta gama ruɓa ba. Tsoro taj ji. Kuma toka ta yi mata kaɗan wajen surfe." Ta sake shaƙa. "Amma kalwar Mai Zaƙi ta, ba ta gauraya da ta Gurguwa ba. Yarinyag ga tana da hankali."

"In gaya mata haka?"

"Tsaya tukuna. Itatuwan fa?"

"Suna nan tsaye. Mannir da shanun huɗa yay yi noma bana, shina kewaya su shina ƙunƙuni. Na ji ya ce in tankar ba ta yi ba, shi da Ruwaida sai alƙali. Amma da idona na gane shi shina yi mata kunyar shuka ƙarƙashin Marowaciya." Ya gyara tsayuwa. "Kwari dai ya ƙara cin gonar maƙwabcin. Ta wajen Gurguwa bai matso ba."

Kulu ta ɗaure ƙullin, ta ware guda biyu don miyar rana. Ta zauna tana shafa gwiwa.

"Kana komawa can jibi?"

"In Allah ya so."

"Biyo ka ɗauke ni. Rufin kalwa ba a aika shi da baki, sai an tsaya bakin kwando. Ka fara gaya mata, in ta yarda."

"In zo da igiya? Akwai kayan da za mu ɗauko?"

"Ba ni da komi can," in ji Kulu. "Baƙunci za ni."